Kwafin Asali

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin rajista na wata kwaleji, kuma aikinsa ɗaya ne tal. A kawo masa takardar shaida da kwafinta, ya shimfiɗa su gefe da gefe a kan tebur, ya bi su layi-layi da bakin rula, in sun yi daidai ya buga wa kwafin hatimi ya sa hannu. Daga nan sunan Hatimi ya bi shi, har matarsa ma in ya ba ta haushi da shi take kiransa. Mutum ne da bai san gaggawa ba. Shugaban kwalejin da kansa ya taɓa tsayawa a gabansa minti ashirin yana jira a gama duba takardar ɗansa, Hatimi kuwa bai ba shi kujera ba, don kujerar ɗaya ce kuma shi ke kanta.

Yana da dabarunsa. Yakan ɗaga takarda a hasken taga, ya lashi babban yatsa ya murza tawadar, ya shinshina, wani lokaci har ya kaɗa ta kusa da kunne ya ji ƙararta. A tsawon aikinsa ya kama takardun bogi goma sha bakwai, kuma in ka yi kuskuren tambayarsa zai ba ka labarinsu ɗaya bayan ɗaya, har da kalar rigar da kowane mai takarda ya sa ran nan. Bai gina gida ba, bai taɓa mallakar mota ba, kamun nan kaɗai ne abin da yake taƙama da shi a duniya.

Da ya yi ritaya sai ya kama ɗan shago a layinsu, tsakanin kemis da shagon wata mai ɗinki, yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Amma ba bugun ne ke tara masa jama'a ba. Duk wanda aka ba takardar fili, ko rasit, ko wasiƙar ɗaukar aiki da ya ji bai natsu da ita ba, wurin Hatimi yake kawowa. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan. In ya gama shinshine-shinshinensa ya ce "Ta yi," magana ta ƙare, in kuwa ya tura maka ita da bakin rula bai ce komai ba, ka san an ci da kai.

Tafiretarsa ce ta fara gajiya, haruffa biyu suka daina fitowa, mai gyara kuma ya rasu. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke koyarwa a makarantar sakandare, ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta, ta yi Asabar uku tana koya masa. Ta ce abu ɗaya ya rage, sai an sa mata sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da komai a cikinta, in babu ita kwamfuta akwati ce kawai. Ya bari zuwa ƙarshen wata, ita za ta saya masa daga shafin kamfanin da ya yi ta.

Hatimi bai jira ba. Tun da Auta ta nuna masa kasuwar intanet a waya yake zagaya ta kamar mai duba gari, ba ya sayen komai, sai karanta tallace-tallace yana gyara musu rubutu a zuciyarsa. A nan ya ci karo da wani mai sayarwa da ya rubuta: kwafin asali, da takardar shaida mai hatimi. Kalmomin nan nasa ne, da su ya ci abinci shekara talatin da ɗaya, sai ya ji kamar ya haɗu da abokin aiki a baƙon gari. Kuɗin ma bai kai rabin rabin abin da Auta ta faɗa ba.

Ya kira ta ya gaya mata, ba don neman shawara ba. Auta ta ce arahar ita ce abin tsoro, a irin wannan kaya ba a saye sai daga kamfanin ko dillalan da shi kamfanin ya lissafa a shafinsa, kuma shi wannan mutum ba suna, ba adireshi.

"Baba, don Allah ka bari na zo."

"Ke, takarda fa zai aiko. In ta bogi ce, wa za a kai wa ya duba in ba ni ba?"

Yana ajiye wayar ya aika wa mutumin kuɗi.

Bayan kwana huɗu kaya suka iso: faifai a cikin kwali, da takarda mai kauri, da hatimi ruwan zinariya, da doguwar lamba a ƙasa. Hatimi ya rufe shago rabin ƙofa ya zauna. Ya ɗaga ta a taga, ya murza tawada ba ta goge ba, ya shinshina, ya kaɗa. Rabon da ya riƙe takarda mai kyau irin wannan tun yana ofis. Akwai kuma wata 'yar takarda mai umarni uku, cewa a kashe manhajar tsaro kafin a sa, kada a bar kwamfutar ta sabunta kanta, kada a kira kamfani. Ya bi su duka, don shi mutum ne mai girmama umarni in an jera shi da lamba.

Kwamfuta ta tashi lafiya lau. Mai kemis, wanda ke son ya riƙa ajiye sunayen magunguna da ranar lalacewarsu a tasa kwamfutar, ya leƙo ya tambaya ko abin na gaske ne. Hatimi ya ce ta yi. Mai ɗinki ma, da take ajiye awon mutane da zanen ɗinkuna a tata, ta ji labari. Su biyun suka saya daga mutumin, kuma ba wanda ya tsaya karanta takardar da ta zo masa, tun da an riga an duba.

Mako biyar aka yi. Wata safiya wani ɗan rubutu ya fito a kusurwar kwamfutar mai kemis, wai wannan manhaja ba ta asali ba ce. Kafin azahar kwamfutar ta fara kashe kanta, jerin magungunan da ya yi wata guda yana shigarwa ya ƙi buɗewa. Washegari rubutun ya fito a ta mai ɗinki, kwana na uku a ta Hatimi. Ya goge wurin da hankici, rubutun bai tafi ba.

Ranar Asabar Auta ta zo. Ta nemi shafin mai sayarwar ta tarar babu shi, sai ta karɓo takardun maƙwabta ta shimfiɗa su ukun a kan teburin babanta. Kafin ta buɗe baki ya gani. Lamba ɗaya ce a kan dukkansu, har sifilin ƙarshe. Ta ce Allah kaɗai ya san mutum nawa aka sayar wa lambar nan, kuma dole a wanke kwamfutocin gaba ɗaya, don ba a san abin da faifan ya shigo da shi ba. Sannan ta yi tambayar a hankali, ba da niyyar cin fuska ba.

"Baba, da wace takarda ka gwada ta?"

Shekara talatin da ɗaya bai taɓa buga wa kwafi hatimi ba sai asalin na kwance a gefensa, ko da mai takardar zai yi kuka. Wannan karon bai taɓa ganin asalin ba, bai ma san kamanninsa ba, kyan takarda kawai ya duba. Da Auta ta sayi manhajar gaskiyar a gabansa, ya tambayi ina shaidarta, ta nuna masa saƙo a waya. Babu abin ɗagawa a taga, babu abin shinshinawa.

Ranar Litinin ya sa rigarsa ta zuwa ofis ya shiga kemis ya ba da haƙuri, ya ce laifin nasa ne shi kaɗai. Ya zo da shirin a yi masa faɗa, kuma da an yi da ya fi jin daɗi. Mai kemis, wanda ke sake shigar da magunguna daga kwalayensu, ya miƙe da fara'a ya ba shi kujera.

"Haba Baba, kada ka sa wa ranka damuwa. Ai kowa ma ana yi masa haka."

Hatimi ya yi godiya ya fito. Kalmar "kowa" ta yi masa zafi fiye da zagi, don bai taɓa sanin yana cikin kowa ba.

Ranar Alhamis yana tsaka da buga wata wasiƙa mai ɗinki ta leƙo, da takardar hayar sabon shago a hannunta. Ya ture madannan kwamfuta gefe, ya gyara tabarau. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi mutanen gida, sannan ta ce ko Auta za ta zo Asabar ɗin nan, akwai abin da take so ta duba mata. Ya ce za ta zo, ya jawo madannan ya ci gaba da bugu.