Wa Ke Buɗe Akwatin Saƙo da Ƙarfe Ɗaya?

Yayata ta yi shekara goma sha ɗaya tana kula da kwamfutoci a wani kamfanin sayar da magungunan kaji. Ofishinta tsohon ɗakin ajiya ne a ƙarƙashin bene, babu taga, sai fanka ɗaya da wata ƙatuwar kwamfuta mai gurnani wadda duk imel ɗin kamfanin ke bi ta cikinta. Saba ake ce wa na'urar, shi ya sa ma'aikata suka laƙaba mata Anti Saba. Idan komai na tafiya daidai, ba mai tunawa da ita.

Wata Litinin Manaja ya tara kowa a falon baƙi. Wani mai gonar kaji ya aiko saƙo yana neman allurar rigakafi da gaggawa. Saƙon ya kwana uku ba wanda ya gani, kaji suka mutu, mutumin ya koma wani kamfani. Sakatariya ta rantse ta kuma rantse cewa kwamfutarta ba ta nuna mata alamar sabon saƙo ba.

Manaja ya nuna yayata da biro. "Aikinki guda ɗaya tak a gidan nan, shi ma ya gagare ki. Ko barci kike yi a ramin naki?"

Wasu suka yi dariya. Ta dawo gida idonta jajir, ta ture abincin da Mama ta ajiye mata.

"Haƙuri za ki yi, 'yar nan," in ji Mama.

"Mama, wallahi ba zan yi ba. Sai na gano abin da ya faru."

Kwana biyu ta yi tana tono. Saƙon dai ya iso a kan lokaci, yana nan kwance a akwatin Sakatariya. To me ya hana alamar fitowa? Ni ban san kan kwamfuta ba, amma ta yi mini bayani yadda zan gane. Akwatin kowane ma'aikaci fayil ɗaya ne. Na'urar tana rubuta lokaci biyu a jikinsa: lokacin da aka zuba saƙo na ƙarshe, da lokacin da aka buɗe shi na ƙarshe. Idan zubawa ce ta zo daga baya, sai ta ce akwai sabon saƙo. Idan buɗewa ce, sai ta ɗauka an karanta, ta yi shiru.

Da ta jera lokutan sai ta ga akwatuna arba'in duk an buɗe su ƙarfe ɗaya na rana daidai, lokacin da kowa ya fita cin abinci. Har da na direban da ya yi wata biyu a asibiti.

Ta bi sawu har ta iske wata manhaja da ba ita ta saka ba. Aikinta kwafar fayiloli don ajiya kullum da ƙarfe ɗaya na rana, kuma duk fayil ɗin da ta kwafa sai na'urar ta rubuta an buɗe shi. Saƙon da ya shigo bayan an fita cin abinci, kafin ɗaya ta buga, shi ke nan, ya zama tsoho. Ƙanin matar Manaja ne ya saka manhajar lokacin da yayata take hutun haihuwa. Ba wanda ya gaya mata.

Gyaran bai ci minti goma ba, ta saita manhajar ta daina taɓa lokacin buɗewa. Sannan ta buga jerin lokutan a takarda, ta hau bene ta tura ƙofar Manaja ba sallama.

"Yallaɓai, ga barcin da nake yi. Wa ya ba surukinka mabuɗin ɗakina?"

Ya duba takardar, ya sosa ƙeya. "To ai tunda an gyara, shi ke nan. Yaron taimako ya yi niyya."

"A gaban mutane ka ci mutuncina. A gabansu za ka faɗi gaskiya."

Bai faɗa ba. Washegari ya fitar da sanarwa cewa "matsalar na'ura ce, kuma an shawo kanta", ba sunan kowa. Yayata ta canja kwaɗon ɗakin, ta canja kalmar sirri, ta liƙa takardar nan a allon sanarwa kusa da tasa. Sau biyu ana cirewa tana sake bugawa.

Har yanzu tana aiki a wurin, don yaranta uku ne. Amma idan suka haɗu da Manaja a kan bene, shi ke fara gaishe ta, ita kuma sai ta ga dama take amsawa.