Layin Dawa Ya Koyi Farawa Daga Dama

Gonarmu ta yankin Simsim ba za a sayar ba! Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum ya jama'a.

Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da ni a garin Gadarif, yara ke noma, ni kuwa ban yarda da "alhamdulillahi" ɗinsu ba. Sai na sa jikata Nafisa, mai karatun ƙididdiga a jami'a, ta zana mini a kwamfuta dawar da muke samu shekara bayan shekara.

Na ga layi yana ta gangarowa. Na ce a nemo mai saye.

Nafisa ta ce, "Jiddo kakana, nuna mini bana."

Na ɗora yatsa a hagu, inda karatu ke ƙarewa. Haka aka koya mana Larabci a ajin yamma, da furfurarmu.

Ta fashe da dariya. "Angona, ta baya ka karanta! Bana tana dama. Hawa yake yi!"

Na ce, "To amarya, koya wa injin nan ladabi, ya fara daga dama kamar mutane."

Ta shiga saitin ta gyara sau ɗaya: shekaru daga dama, layi mai kauri, lambobi manya. Ta ce daga yau kowane zane haka zai riƙa fitowa da kansa, malamanta ne za a riƙa juya wa nasu.

Wai ni ne gaba da malaman jami'a!

Wa ya taɓa ganin kwamfutar da ke bin idon tsoho? Ku zo bayan la'asar, jabana, gahawarmu, na kan wuta, ni da kaina zan karanta muku.