Barewar da Baba Ya Gani

Lokacin da nake saurayi, sana'ata tallan kaya a kan keke. Nakan ɗaura akwatin katako a baya, in cika shi da ganyen shayi da sukari da sabulu da allura da batirin tocila, in fita daga Gadarif bayan sallar asuba in nufi gonakin inji na wajen Gadambaliya. Kowace babbar gona, wadda muke ce wa mashru'i, tana da kambo, wato 'yan bukkokin da ma'aikata ke kwana, kuma su ne masu sayen kayana. Hanyar ba wata hanya ba ce, sawun tarakta ne kawai a kan baƙar laka. Da rani ta tsattsage har ƙafar keke ta riƙa faɗawa cikin tsagar, da damina kuwa ta kama taya ta ƙi saki, sai ka ɗauki keken a kafaɗa.

Yawancin tafiyar fili ne fetal, dawa ko karan dawa iya ganinka, babu itacen da za ka fake. Amma akwai wani wuri tsakanin mashru'i biyu inda wani hor ya ratsa, wato rafin da ke gudu da damina ya ƙafe da rani. Ƙasar wurin duk kwazazzabai ce, don haka masu gona suka bar ta, dajin ya tsira. Dushe ne da aduwa da ɗakwara, sun yi duhu, suna bin hor ɗin har inda ido ba ya kaiwa. Sawun da nake bi ta tsakiyarsa ya bi.

Keke ba ya ƙara, shi ya sa nake ganin abin da direbobin lori ba sa gani. Su tun daga nesa komai ya watse. Ni kuwa sai na zo dab da zabbin daji kafin su ankara, su bi gabana da gudu a kan sawun kamar su ne masu nuna mini hanya, sai daga baya su tuna suna da fiffike. Akwai wani gadu da ya taɓa fitowa daga rami da baya-baya ya bangaji tayar gaba, na kife, sukari ya zube, shi kuma ya miƙe jela ya yi gaba abinsa. Sai bareyi. Su sukan tsaya a gefen hor da sassafe, kunnuwa a tsaye, suna kallona har in wuce, in dai ban tsaya ba. Da na sa ƙafa a ƙasa sai su ɓace.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani namijin jimina. Ranar farko da ya fito na ɗauka zai far mini ne, na danna feda iya ƙarfina. Shi kuwa sai ya jera da ni, yana tafiya a gefe ba ya ko wahala, yana juyo da ɗan kansa yana dubana. Akwatin yana ta kwaramniya a bayana, ni ina haki, shi yana jifa da ƙafafu a natse. Da muka kai bakin dajin ya ja birki, ya buɗe fiffike, ya koma. Bayan nan ya sake yi mini haka ba sau ɗaya ba, har na daina tsoro na fara yi masa sallama.

Duk wannan labarin akwai mai jiransa a gida, wato mahaifina. Baba makiyayi ne tun tasowarsa. Ya kora shanu ta wannan ƙasa tun babu ko tarakta ɗaya, daga wajen Fau har Basunda, ya san ruwanta da ciyawarta. Fari ya cinye yawancin shanun, gonakin inji kuma suka toshe burtali, ya sayar da ragowar ya zauna a gari. Daga baya gwiwoyinsa suka ƙi, ya zama daga angarib, gadonsa na igiya, sai masallacin unguwa. Idonsa kuwa garau, ya fi nawa.

In na dawo da yamma, kafin in jingina keken zai ce, "To, da wa ka gamu yau?"

Ba ya tambayar ciniki, wannan na Inna ne, mahaifiyata. Sai in zauna a bakin angarib in fara. Shi kuma ya riƙa tsayar da ni.

"Bareyin nan, akwai baƙin layi a gefen cikinsu?"

"Akwai, Baba."

"To su ne. Akwai ƙanana a cikinsu?"

In na ce ban lura ba sai ya girgiza kai ya ce, "Kai dai tafiya kawai kake yi." Washegari sai in lura. Da na ba shi labarin jiminar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ai matarsa na kwance kan ƙwai a kusa, rako ni yake yi don ya tabbata na fice daga unguwarsu.

Wata rana ana gab da faɗuwar damina, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, muna shan shayi ya ce mini, "Keken nan naka zai ɗauki mutum biyu?"

Na ce, "In an sauke akwati zai ɗauka."

"To ka kai ni hor ɗin nan. Na san shi. Na sha kwana a bakinsa da shanu. Ina so in ga bareyin nan da idona."

Inna tana daga madafa ta ce, "Malam, da wannan tarin? Ka bari ka warke mana. Ga hadari yana haɗuwa, in ruwa ya tare ku a laka wa zai ɗauko ka?"

Gaskiya ta faɗa, ni ma na ga hakan, shi ma bai yi gardama ba. Muka tsayar da magana a kan bayan damina, in hanya ta bushe. Ruwa bai sauka ba sai bayan kwanaki, kuma kwanakin nan hanyar lafiya lau take. Na sha tuna su.

Da ruwa ya kankama hanyar Gadambaliya ta rufu gare ni. Na koma zama a kasuwar gari wajen wani mai shago ina taya shi awo. Baba ya warke daga tarin. Duk damina yana lissafin tafiyar nan. Ya sa Inna ta ɗinka masa ɗan matashi da zai ɗora a bayan keke, ya sa aka gyara masa takalminsa na fata wanda ya daɗe bai sa ba. Maƙwabta in sun zo gaishe shi sai ya ce musu, "Da kaka zan je daji."

Da dawa ta fara nuna, ƙasa ta bushe, muka tashi. Na ɗaura masa matashin, na taimake shi ya hau, ya zauna a karkace ya riƙe ƙuguna, sandarsa a kan cinya. Inna ta ba mu kisra, wato wainar dawa mai faɗi, a ƙunshe da gorar ruwa. Bai da nauyi, akwatina ma ya fi shi. Tun da muka bar gari yake magana. Yana nuna mini filin dawa ya ce nan da dajin dushe ne, can akwai tafki, can kura ta taɓa ɗauke masa maraƙi. Ni dawa kawai nake gani, amma ina cewa to.

Hayaƙi na fara hangowa. Na ɗauka masu gona ne ke ƙona ciyawa. Da muka matsa sai na rasa duhun da na saba gani a gabana, sararin sama ya sauko har ƙasa. Na ci gaba da tuƙi, ina cewa a raina ko na ɓata sawu ne.

Ban ɓata ba. Hor ɗin yana nan, amma tsirara. An tumɓuke itatuwan an tara su tsibi-tsibi, saiwoyi a sama, an cike kwazazzaban. Can gefe katafila tana tsaye, masu gawayi kuma sun haɗa tudun ƙasa suna ta hayaƙi. Na tsaya na sa ƙafa a ƙasa.

Baba ya ce, "Ya ka tsaya?"

Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya saki ƙuguna. Ya daɗe yana dubawa, daga hagu zuwa dama, sannan ya ce in sauke shi.

Akwai wata mata da ta kafa rumfar shayi saboda masu gawayin, na san ta a wani kambo tun da, tana sayen sukari a wajena. Ta shimfiɗa wa Baba buhu a inuwa, ta gaishe shi, ta zuba mana shayi. Na tambaye ta yaushe aka yi wannan. Ta ce ruwa na ɗaukewa aka kawo katafila, an ba wani ɗan kasuwa wurin, riɗi zai shuka baɗi.

Na ce, "Namun dajin fa?"

Ta ce, "Wallahi ya zol, bawan Allah, sun watse. Farkon zuwanmu birai suna zama kan itacen da aka kayar, suna kallonmu kamar masu zaman makoki. Yanzu su ma babu."

"Akwai wani namijin jimina."

"Babban nan? Wasu suka zo a mota suka bi shi a fili. Ba inda zai shiga." Ta dubi Baba, ta shiga gyara garwashi.

Baba ya shanye shayinsa, ya yi mata godiya da addu'a, ya ce mu koma. Kisrar da Inna ta ba mu ko kwance ta ba mu yi ba.

Ba mu yi nisa ba tayar baya ta sace. Ƙayar dushe ce, ta cika sawun tun da aka ja itatuwan ta nan. Na zaunar da Baba a kan wani kututture kusa da tsibin rassa, na kifa keken, na ciro tub na shiga neman hujin. Rana ta take. Babu ruwan da zan tsoma tub ɗin, sai na riƙa hura shi ina kai shi kusa da kumatuna ina jin iska. Huji ya fi ɗaya. Na duƙufa a kai na ba Baba baya, kuma gaskiya na ji daɗin samun abin yi, don ban san da wace fuska zan dube shi ba. Na gama faci na mayar da tayar.

Sai da muka hau muka yi tafiya mai ɗan nisa sannan ya ce daga bayana, "Na ga ɗaya."

"Ɗaya me, Baba?"

"Barewa. Ta fito daga bayan rassan nan lokacin da kake faci. Mace ce, ba ta daɗe da yaye ba. Ta tsaya ta dube ni, na dube ta."

Na ja birki. "Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"In na yi magana ai ta gudu. Kai kuma ka sha ganinsu. Mu je."

Na waiwaya. Fili ne kawai da tsibin rassa da hayaƙi. Na so in koma in duba sawu a gefen kututturen, ƙasar wurin a tone take, ko tsuntsu ya taka za a gani. Amma ya riga ya riƙe ƙuguna, na ci gaba da tuƙi.

Har yau ban sani ba. Idon Baba ba ya yi masa ƙarya, kuma ba abin mamaki ba ne a ce wata ta rage tana zagaya inda ta saba. Amma kuma na san shi. Ya ga yadda na sunkuyar da kai a rumfar mai shayi, kuma mutum ne da ba ya son a ɗauke shi a kai shi wuri a dawo ana jin an yi asarar tafiya. Ban taɓa tambayarsa ba.

Da muka isa gida Inna ta tarye mu a ƙofa tana tambaya. Ni na wuce na jingina keke. Shi ya zauna a angarib, ya cire takalmi, ya ba ta labarin barewar: launin bayanta, yadda take kaɗa jela, yadda ta ɗaga ƙafar gaba ɗaya ta riƙe a sama. Bai ambaci katafila ba. Inna ta ce alhamdu lillahi, tafiya ta yi kyau. Sai da ta kwance ƙunshin ta ga kisra yadda ta ba mu, ta ɗago ta dube ni, na kau da kai.

Na ci gaba da bin hanyar wasu shekaru. Riɗi ya fito a wurin, ya yi kyau ƙwarai, aka kafa sabon kambo a bakin hor ɗin, na samu sababbin masu saye. Abin da nake gamuwa da shi ya koma ɓeraye da shirwa, wani lokaci dila a guje tsakanin kunyoyin gona. In na dawo Baba yakan tambayi lafiyar hanya, ya tambayi ko rana ta yi zafi, in ce da sauƙi.

Ya rasu da rani, bayan gajeriyar jinya. A ranakun zaman gaisuwa wani tsoho da suka yi kiwo tare ya zo daga Basunda. Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni ya ce, "Kai ne ka kai shi hor a keke?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Ya aiko mini da saƙo a kan haka. Ya ce in ina da sauran wurin da nake son gani, in tashi in je yanzu."

Na tambaye shi ko ya je. Ya ce ƙafa ta ƙi, kuma 'ya'yansa duk suna gona. Ya karɓi shayin da aka miƙo masa, muka zauna har aka kira la'asar.