Minti Goma Sha Tara a Kan Turmi

Ni ɗan fari ne, mahaifiyarmu Inna kuwa irin matan nan ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. In tana da magana sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan tuwonsa na hucewa." Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana cin raina.

Shekarar da na fara koyarwa a Samaru na sayi kyamarar bidiyo a kasuwar Sabon Gari, irin mai fito da hoto tar, har furfura ana iya ƙirgawa. Duk wani sha'ani a gidanmu na Jushi ni ne mai ɗauka. Kowa na turo fuska, har da maƙwabtan da ba a gayyata ba. Inna kuwa da ta hango ni da abin a hannu sai ta ja mayafi ta shige madafa.

Da ta rasu, ƙannena suka ce in haɗa musu bidiyonta kafin sadakar arba'in, don yaransu su tashi da sanin fuskar kakarsu. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na jona kyamarar da kwamfutar gida na kwashe komai. Kwamfutar ta tsufa, hotunan kuma da nauyi, sai ta yi ta nishi tana tsayawa. Kwana uku ina yankawa ina haɗawa. Abin da na samu: bayan Inna, gefen kunnenta, hannunta yana miƙa kwano. Fuska babu. Shekara shida ina ɗauka! Haushin kaina ya kama ni, da nata ma, Allah ya gafarta mata.

Wuri ya cika a kwamfutar, na shiga goge tarkace. Akwai wani guntu mai minti goma sha tara, ba komai a farkonsa sai tabarma da wata kaza tana kiwo. Na tuna ranar. Na ajiye kyamarar a kan kifaffen turmi ban kashe ba, na tafi gyaran famfon tsakar gida. Har na kai hannu zan goge, matata ta ce, "Bari mana mu ga inda kazar ta ƙare." Na ja shi gaba.

Sai ga Inna ta zo ta zauna a tabarmar da faifan wake tana tsincewa. Ni kuma ga ni can gefe a tsugune, na juya mata baya ina kokawa da famfo. Can ta daina tsincewa. Ta ɗago kai ta zuba mini ido, fuskarta duka a fili, tana ɗan murmushi, ba ta ko ƙiftawa. Da ƙarfen da nake ɗaure famfon da shi ya kuɓuce na buge yatsa, ta zabura har waken ya zube, bakinta na motsi da addu'a. Ina juyowa ta sunkuya ta hau korar kaza.

Matata ta tashi ta ba ni wuri. Na mayar baya na sake kallo, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ko daƙiƙa ɗaya ban yanke ba, haka na ba ƙannena.

Shekara arba'in da ɗaya ina zaton ba ta kallona. Ashe jira take in juya baya.