Karen da Gyaɗa Ba Ta Karɓa Ba

Shekarar da muka faɗaɗa noman gyaɗa saboda masu saye daga Gusau, ita ce shekarar da karena ya fara susa. Gonarmu tana gindin dutsen Kwatarkwashi, in ba don karen ba birai ba za su bar mana ko zangarniya ɗaya ba. Jan kare ne mummuna, amma ina sonsa, ban kuma taɓa ɓoyewa ba.

Ya yi ta susa har gashin bayansa ya zube, kunnuwansa suka yi jawur, kullum yana lasar ƙafafu. Yayana, wanda gida ke hannunsa tun rasuwar mahaifinmu, ya ce ƙazuwa ce, za ta kama awaki, in kai shi bayan dutse in dawo ni kaɗai. Na roƙi wata guda. Na shiga shafa masa man gyaɗa da tsumma a bakin sanda, wai ni ga mai magani, abu sai gaba yake yi.

Wani dattijon Bafillace da ke kiwo kusa da gonarmu ya tsaya ya ƙare masa kallo.

"Wanga ba ƙazwa ta ba," in ji shi. "Da ita ta, da karnan maƙwabta sun ɗauka. Wani abu na bai karɓe shi ba. Rage mai cima ɗai-ɗai ka gani. Man ga ma bar shi."

Na tsare shi a bukkar gona, daga tuwon dawa sai ruwa. Mako uku, susa ta lafa, gashi ya fara tsirowa. Na dawo da shi gida ina taƙama. Kwana biyu kacal, sai ga shi yana birgima a ƙasa yana cizon gindin wutsiya. Yayana ya ɗauko igiya. 

Innarmu tana bakin murhu tana suyar ƙuli. Ita ce mai korarsa da muciya, mai sa a wanke duk ƙwaryar da ya sansana sau bakwai.

"Aje igiyag ga," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Ni ka ba shi tunkuza, kullum in na matse mai."

Yayana ya mayar da igiya kan danga. Ta juya ƙulinta, can ta dube ni, murya ƙasa-ƙasa.

"To, in ba tunkuza ba, mi zan riƙa ba shi?"