Bindigar da Baba Bai Harba Ba

Ranar wata Alhamis ce, cikin sanyin shekarar da na cika tara, saura kwana uku Baba ya gwada bindigar da ya shekara yana haɗawa. Ƙarfe shida na safe, gari bai waye ba, Inna na kicin tana ɗumama madara, ni kuwa ina bakin gado da safa ɗaya a ƙafa ina laluben 'yar'uwarta. Sai aka buga ƙofa. Ba bugun maƙwabci mai roƙon gishiri ba ne, bugu ne da na ji shi har cikin cikina. Baba ya fito da carbi a hannu, ko jallabiyar sallar asuba bai cire ba. Yana buɗewa 'yan sanda suka cika mana falo, su shida ko bakwai, baƙaƙen kaya, fuskoki a rufe sai idanu. Suka kwantar da shi rubda ciki a kan tabarmar da muke cin abinci, suka ɗaure masa hannuwa ta baya. Hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur, ƙanena Sani mai shekara uku ya rarrafa ya ɗauko, ya tsaya da ita a hannu bai san wa zai miƙa wa ba. Ni ban yi kuka ba. Na rakuɓe jikin ƙofar ɗakinmu, kuma tun a lokacin na san ni ce na jawo su.

Bari in koma baya, don a san yadda bindiga ta hau hawa na tara a gidan da ko kaza ba a yankawa. A Vénissieux muke zaune, gefen Lyon, cikin dogayen benayen Minguettes. Asansar ɗinmu, wato na'urar hawa bene, ya fi lalacewa fiye da aiki, saboda haka matakala ce filin wasanmu: can muke ɓuya, can muke tsallen igiya ni da 'yan Aljeriya da 'yan Komoro, can kuma nake hutawa hawa-hawa in an ɗora mini ledar albasa daga kasuwar Asabar. Inna ta mai da balkon, 'yar barandar gidanmu, gonarta, na'ana'a da tattasai a cikin bokitan fenti, tana yi musu magana kamar awaki. Kuka da daddawa kuwa sai wani ya sauko daga Paris ya riƙo mana na kasuwar Château Rouge, ranar nan duk hawa na tara sai ya san mun yi baƙo. Baba yana aiki a wani ƙaton sito, yana tuƙa 'yar motar ɗaga kwalaye tun safe har la'asar.

Amma asalinmu maƙera ne, daga wani ƙauye kusa da Tasawa. Kakana, Maƙeri Gado, hauya da lauje yake yi da damina, da rani kuma ya ƙera wa maharba bindigar toka. Baba ya fara jan zuga-zugi ke nan, hannunsa bai faɗa ba, aka ɗauke shi aka kai lakwal, wato makarantar boko, yana ɗan shekara goma. Daga lakwal sai Yamai, daga Yamai sai Faransa. Kaka ya rasu Baba yana nan, bai sami jana'iza ba, kuma cikin 'ya'ya babu wanda ya riƙe maƙerar. Wannan abu ya tsaya masa a rai. In ya zauna shiru bayan isha'i sai ka ji ya ce, "Kyan ɗa ya gaji ubansa," ba da kowa yake ba, sannan ya juya tafin hannunsa yana kallo.

Wani tsoho da suke aiki tare, Mushe Rene, shi ya fara kai shi kulob ɗin masu wasan harbin takarda da bindiga a bayan gari. Baba ya shekara guda yana neman takardu, ta likita, ta izini, katin kulob, har suka cika wata koriyar jaka. Da aka ce ya sayi bindiga shiryayya sai ya ƙi, ya ce tasa zai haɗa, irin mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Kayan ƙarfen, wato bututu da sakata da kunama, suna wurin wani maƙerin bindigogi mai izinin gwamnati, can Baba ke zuwa ranar hutu yana kallo yana tambaya kamar ɗan koyo, ga shi da shekara arba'in da furfura a haɓa. Icen da za a kwantar da ƙarfen a kai kuwa ya ce shi zai sassaƙa da hannunsa, a balkon, tsakanin bokitan Inna.

Kai, mun ga koyo! Icen farko ya tsage tun sati na biyu. Na biyu ya zurfafa ramin da yawa, ya zauna yana kallonsa kamar an yi masa mutuwa, daga baya ya fere shi ya zama muciya, Inna ta karɓa tana cewa, "Madalla da maƙerin balkon, yau dai mun ga amfaninka." Ya yanke babban yatsa sau biyu. Yana karanta wani littafin Faransanci mai zane-zane da tabarau a kan hanci, yana gwaji da ɗan ƙarfen awo, ya goge kaɗan da magagari, ya hura, ya sake aunawa. Ni ce mai riƙe fitila da share dusar ice, ni ce mai shafa man da ake shafa wa itacen har ya yi duhu yana sheƙi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. "Uwata, ice ba ya son gaggawa, abin da ka cire ba ya komawa," haka yake faɗi kullum, ni kuwa ina gyaɗa kai ina jin kaina wata babba. Wallahi ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na wannan shekarar ba. Har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, shi da muryarsa kamar ta ƙofar da ba mai.

Ranar Lahadi ɗalibai 'yan Nijar kan cika mana falo, a sha shayi zagaye uku, a yi gardamar siyasa. Nan Baba ke kirana ya tsayar da ni tsakiya, yadda aka yi masa yana yaro a gaban baƙin Kaka. Sai ya ce, "Ɗiyar wa ce ke?" Ni kuma in buɗe murya: "Ɗiyar maƙera ce ni, jikar Gado mai bindiga, mu ke ba manomi hauya, mu ke ba maharbi nama!" A yi shewa, wani ya ba ni alewa. A gidan maƙera ba a ɓoye sana'a, yaro na fara magana ake koya masa ya faɗe ta da ƙarfi. Inna ce kaɗai ba ta dariya. In baƙi sun watse sai ta ce, "Malam, wannan magana fa ta tsaya a bakin ƙofa, nan ba Tasawa ba ce." Shi kuwa ya daki koriyar jakarsa ya ce takardunsa cif suke, ɓarawo ne ke ɓoyo. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce mini ga inda ake faɗi, ga inda ba a faɗi.

Da ice na uku ya kammala, aka kawo ƙarfen gida cikin doguwar akwati mai kwaɗo, ya zauna daram a raminsa. Baba ya yi hamdala ya fi sau goma. Sannan ya gaya mini al'adar gidanmu: maƙeri ba ya fara harba sabuwar bindiga a kafaɗarsa. Ɗaure ta ake yi jikin ice, a sa doguwar igiya a kunama, a koma nesa, ɗan gidan ya ja. Shi ya ja wa Kaka sau ɗaya kafin a kai shi lakwal, yanzu kuma ni zan ja masa. Mushe Rene ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai an riga an gwada ƙarfen a inda doka ta ce, amma ya yarda za a matse ta a teburin kulob ranar Lahadi, a yi mana yadda muke so. Inna ta yanko igiyar shanya. Ni kuwa na kasa cin abinci don ɗoki.

Ranar Talatar wannan satin malamarmu ta ce kowa ya tashi ya faɗi aikin iyayensa. Yarinya ce mai kirki, ba ta daɗe da fara koyarwa ba, har yau ba na riƙe ta da komai. Wannan ya ce babansa direban bas ne, waccan ta ce mamarta na aiki a asibiti. Da aka zo kaina, kafin in buɗe baki, wani yaro da babansa ke sito ɗaya da Baba ya ce, "Nata kwali yake turawa!" Aji ya fashe da dariya. Ni kuma da ɗan banzan zuciya, ba a taɓa ni in ƙyale. Na miƙe tsaye yadda nake yi ranar Lahadi, na ce babana bindiga yake ƙerawa a gidanmu, doguwa, mai samun abu daga nesa ba ta kuskure, kakana ma haka yake yi, kuma ranar Lahadi ni zan fara harba ta. Don kada a ce ƙarya nake, na zaro kwanson harsashi da Baba ya tsinto mini a kulob, wanda nake busawa kamar usur, na ɗora a kan teburin malama. Dariya ta ɗauke. A lokacin nan gari a tsorace yake, sojoji na sintiri a tashoshin jirgi, amma me 'yar shekara tara ta sani? Na zauna ina jin na ci nasara. Malama ta sa kwanson a aljihunta, ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta tambaye ni a hawa na nawa muke. Na faɗa mata har da lambar ƙofa.

Sauran kun ji. Sun zazzage gidan, sun kife bokitan Inna, sun tafi da akwatin da koriyar jakar da Baba. Asansar a lalace yake, saboda haka ta matakala suka sauko da shi, hawa tara, kowace ƙofa a buɗe ana kallo. Kwana biyu ya yi a hannunsu. Mushe Rene, Allah Ya saka masa, ya je ya tsaya masa, aka duba aka ga babu takarda ɗaya da ta ɓata. Ranar Asabar da yamma Baba ya dawo, ni ina ƙarƙashin gado. Na ji ya tambaya, "Uwata ta ci abinci?" Ina jiran duka, ina jiran faɗa, ina ma roƙon Allah a dake ni in huta. Ba a taɓa ni ba. Inna dai ta ce sau ɗaya, tana tsince na'ana'arta daga ƙasa, "Baki shi ke yanka wuya," ba ta kuma ƙara ba.

Lahadi ta zo ta wuce. Maƙwabtan da ke aiko mana da kuskus suka koma gaisuwa da ka. A sito, in Baba ya wuce, sai samari su ɗaga hannuwa sama suna dariya. Bayan watanni takarda ta zo cewa yana iya zuwa ya karɓi kayansa. Ya karanta, ya ninke, ya kira Mushe Rene ya ce ya je ya karɓa ya riƙe. Bai sake taka kulob ba. Ya tattara magagarai da littafin ya ba wani ɗalibi. Baƙi suka ci gaba da zuwa shan shayi, amma ba a sake tsayar da ni a tsakiyar falo ba, waƙar nan ta ƙasa-ƙasa ma ta ɗauke. Sai ana gobe za a kai ni gidan miji na iya durƙusawa na ce, "Baba, ka yafe mini maganar nan." Ya dube ni ya ce, "Me kika yi, Uwata? An tambaye ki, kin amsa yadda na koya miki." Da zagina ya yi, da tuni na warke.

Yanzu a Sevran nake, kullum ina bin jirgin RER zuwa aiki cikin Paris, ina da ɗa mai shekara bakwai da muke kira Abba. Yaron nan ba ya ganin abu mai ƙusa ya bar shi, fanka, rediyo, keken ƙanwarsa, duk ya kwance ya mayar, kuma su yi aiki. Hutun da ya wuce na kai shi Vénissieux. Ƙofar kabad ɗin kicin ta saki, kafin a ankara ya samo abin ɗaure ƙusa ya gyara ta tsaf. Ina tsaye ina ganin Baba yana bin hannun yaron da ido, fuskarsa ta yi wani haske da na shekara ashirin da wani abu ban gani ba. Sai Abba ya ɗago ya ce, "Kaka, kai babanka wane aiki yake yi?" Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Noma yake yi, kamar kowa." Ya karɓi ƙarfen daga hannun yaron a hankali, ya ɗora can saman firij, ya ce masa ya je ya ɗauko littafinsa.

A da, a falon nan, ana koya wa yaro ya faɗi sunan kakansa har maƙwabta su ji. Yau tsoho ne zaune yana rage wa ubansa sana'a a gaban jikansa, ni kuma da na san gaskiya na juya na ci gaba da wanke kwanuka, don ni ma ban taɓa gaya wa Abba ba. Bindigar nan ko sau ɗaya Baba bai harba ta ba, amma a gidanmu babu wanda ba ta samu ba.