Zuciyar Habu a cikin ƙwaryar wanki

Yaya Kande, daren jiya na yi wani mafarki. Ke kika san fassara, ki taimake ni.

Kin dai ji ɗana Habu yana asibiti. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiyar zuciyarsa, za su zura wata siririyar waya ta hannunsa su zaro shi, kuma kada a wuce safiyar nan. Na ce ban yarda ba. Ni 'yar mahauta ce, tun ina ƙarama nake wanke kayan ciki, ban taɓa ganin zuciyar da aka sa wa hannu ta ci gaba da bugawa ba. Shi kuwa Habu ya ce sai abin da ni Innarsa na ce.

To, a mafarkin sai na gan ni a kwata, amma ko'ina warin magani. Marigayi Baba ya miƙo mini ƙwarya cike da zukatan raguna. Ina wankewa, ina matse gudajen jini da babban yatsa yadda na saba, sai na ɗauko wata mai ɗumi, tana motsi. Na gane ta Habu ce, kamar yadda nake gane takunsa tun daga zaure.

Na matsa, gudan ya ƙi fita. Na karyo tsinken tsintsiya, ya yi kauri.

Sai kawai ga wata mata da koren kaya, ta miƙo mini waya siririya kamar gashin jelar doki. Na ce, “Ke 'yar nan, ni za ki koya wa wankin zuciya?” Na juya mata baya.

Yaya, sai zuciyar ta fara hucewa a tafin hannuna. Na hura mata iska, na cusa ta cikin zanena. Na jiyo Habu da muryarsa ta yaye yana “Inna, Inna,” ban ga inda yake ba. Na juya in karɓi wayar, sai kawai matar tana tsallaken kogi, hannunta a miƙe har lokacin. Na kwarara mata kira, murya ta ƙi fita.

Na farka hannuna a miƙe.

Ga mayafina a kafaɗa, asibitin zan tafi. Nuna mini aka yi in ce su yi, ko gaya mini ake na riga na makara?